Gansakuka mai guba: Haɗarin koren ruwa a fadamar Augie da kwarin Rima

Daga watan Maris zuwa faɗuwar damina, Gulbin Rima kan janye ya bar tafkuna da ƙududdufai a warwatse cikin fadamar da ta taso daga Augie, ta bi ta Argungu, ta nufi Birnin Kebbi.

A waɗannan watanni ne yara suka fi shiga ruwa saboda zafi, makiyaya kuma suka fi dogara da tafkunan wajen shayar da dabbobinsu. A lokacin ne kuma ruwan da ke kwance kan juye ya zama kore shar, wani lokaci har da yauƙi a samansa kamar an zubar da fenti.

Akasarin jama'a na kiran duk wani kore da ke kan ruwa gansakuka, kuma ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Sai dai masana kimiyya sun tabbatar da cewa wani nau'insa yana fitar da gubar da ke lalata hanta ko ta taɓa jijiyoyi, kuma tafasa ruwan ba ya kawar da ita.

Mece ce wannan gansakuka?

Gansakukar da aka saba gani mai zare-zare kamar gashi, wadda kan manne wa duwatsu da ƙafar gada, tsiro ce, kuma ba ta da guba. Haka ma kainuwa da bado.

Wadda ake magana a kanta dabam take. Wasu ƙananan halittu ne dangin bakteriya, waɗanda masana ke kira sayanobakteriya. Suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar yadda tsirrai ke yi, kuma sun shafe fiye da shekaru biliyan biyu a doron ƙasa. Kusan babu tafki ko gulbin da ba a samun kaɗan daga cikinsu, kuma a wannan adadi ba su cutar da kowa.

Matsalar na tasowa ne idan suka samu yanayin da ya yi musu daɗi, suka hayayyafa cikin 'yan kwanaki har suka rufe ruwan.

Da yawansu na da wasu 'yan jakunkunan iska a jikinsu da ke ba su damar tasowa sama. Idan gari ya waye babu iska sai su taru a saman ruwa, in kuma iska ta kaɗa sai ta tattara su a gaɓa guda. Ke nan wurin da gubar ta fi yawa shi ne bakin ruwa, inda yaro ke wasa, inda mace ke cika tulu, inda saniya ke sa baki.

Ba dukkansu ne ke da guba ba. A yankin Kanem na ƙasar Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani nau'i daga ƙananan tafkuna masu kanwa, su busar da shi a kan yashi su yi miya da shi, suna kiransa dihe. Shi ne sifirulinar da ake sayarwa a shagunan Turai a matsayin abinci mai gina jiki. Amma nazarin da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa fiye da rabin samfurin da aka ɗebo daga ruwan da waɗannan halittu suka rufe yana ɗauke da guba, kuma ido ba ya iya bambanta mai gubar da marar ita.

Abin da ya sa kwarin Rima ke cikin haɗari

Abubuwa huɗu waɗannan halittu ke buƙata: zafi, hasken rana, ruwan da ba ya gudu, da kuma sinadaran naitrojin da fosfaras. A ƙarshen rani dukkansu kan haɗu a fadamar Kebbi.

Sun fi bunƙasa idan ɗumin ruwa ya wuce digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, alhali a bazara zafin yankin kan haura digiri 40. Da damina ruwan gulbi jajir yake saboda laka, ga shi kuma yana gudu, don haka ba su samun sukuni. Da zarar ambaliya ta janye, lakar ta kwanta, sai haske ya ratsa ruwan.

Yawan ruwan da ke isowa Augie da rani ya dogara ƙwarai da madatsun da ke sama da ita. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, sannan ta Goronyo a kan Rima a 1984, wadda aka tsara ta ɗauki ruwa mita mai kusurwa uku miliyan 942. Gulaben biyu na haɗuwa a kusa da birnin Sakkwato kafin su gangaro ta Wamakko da Silame su shigo jihar Kebbi. A shekarar da madatsun suka yi ƙasa, kamar 2018 da ruwan Goronyo ya ragu zuwa kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka, gulbin kan tsinke a wurare da dama, ya koma jerin tafkunan da ba su da mafita.

Sai batun taki. Augie na cikin ƙananan hukumomin da suka yi suna a noman shinkafar rani, kuma wannan noma ya ƙara faɗaɗa bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a jihar Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe babbar masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017. Takin NPK da yuriya da ake zuba wa shinkafa ba duka take sha ba. Saura kan bi ruwan ban-ruwa ya koma tafki, ya tarar da kashin shanu, da ruwan wanki, da dattin gari. Abin da ke sa shinkafa ta yi kore shi ne dai ke ciyar da waɗannan halittu.

Wannan ba dalili ba ne na zargin manomi. Manomin da ya zuba taki daidai da buƙata, ya raba shi kashi-kashi, ya kuma bar ciyawa tsakanin gonarsa da bakin ruwa, ya rage asarar kuɗinsa, ya kuma rage abin da ke kwarara cikin tafkin.

An ga makamancin haka a kwarin Kogin Senegal. Bayan gina madatsar Diama a tsakiyar shekarun 1980 da bunƙasar noman rani, masu bincike sun gano cewa waɗannan halittu sun mamaye tafkin Guiers, wanda birnin Dakar ke samun wani babban kaso na ruwan shansa daga gare shi.

Shaidar da aka samu a Zariya

A arewacin Najeriya, masanan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, musamman Mathias Chia da abokan aikinsa, sun shafe shekaru suna bin diddigin wannan guba.

A 2009 sun wallafa rahoton samun gubar da ake kira maikrosistin a ruwayen Zariya. A 2015 suka gano ta a wuraren da garin ke ɗibar ruwan sha. A 2019 kuma suka same ta a cikin alayyafo da kabeji da latas ɗin da ake sayarwa a kasuwanni, abin da ke nuna cewa tana bin ruwan ban-ruwa ta shiga kayan lambu. Wani binciken na 2021 ya gano ta a jikin karfasar da ake kiwo.

Darasin da ke ciki ga mazauna kwarin Rima a fili yake, tun da yake yankinsu ya fi Zariya zafi, rayuwarsu kuma ta fi ɗamfaruwa da ruwan fadama.

A sauran sassan duniya an daɗe da sanin lamarin. Tun a 1878 wani masani mai suna George Francis ya ba da labarin yadda tumaki da dawaki da karnuka da aladu suka riƙa mutuwa cikin sa'o'i bayan sun sha daga tafkin Alexandrina a Ostareliya.

Bala'i mafi muni ga bil'adama ya auku ne a garin Caruaru na Brazil a 1996, lokacin da aka yi amfani da ruwa mai gubar a wata cibiyar wankin ƙoda, gubar ta shiga jinin marasa lafiya kai tsaye, fiye da mutum 50 suka rasu sakamakon lalacewar hanta. A 2007 mutane kimanin miliyan biyu a birnin Wuxi na ƙasar Sin sun yi kusan mako guda ba su iya shan ruwan famfo ba. A watan Agustan 2014 an hana mutane kimanin dubu 400 a Toledo ta Amurka shan ruwan famfonsu na kwana uku, aka kuma gargaɗe su da kada su tafasa shi.

A Afirka, gwamnatin Botswana ta ɗora alhakin mutuwar giwaye fiye da 300 a 2020 a kan wannan guba, yayin da a watan Disamban 2024 hukumar kula da namun daji ta Zimbabwe ta ce karkanda huɗu sun mutu bayan sun sha daga tafkin Chivero da ke kusa da Harare.

Illarta ga jikin ɗan Adam

Gubar iri-iri ce. Maikrosistin, wadda aka fi samu, hanta take nufa. Akwai wata da ke taɓa hanta da ƙoda a tare, akwai kuma irin su anatoksin da ke hana jijiyoyi aiki, har su kai ga tsayar da numfashi.

Wanda ya yi wanka ko iyo a irin wannan ruwa zai iya samun ƙaiƙayi da ƙuraje, jan ido, ciwon maƙogwaro da tari. Wanda ya haɗiye shi kuwa zai iya fama da ciwon ciki, amai, gudawa, zazzaɓi da ciwon kai, cikin sa'o'i kaɗan ko bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Alamun da suka fi tayar da hankali su ne idanu su yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu, leɓe ko yatsu su yi sanyi kamar ba a jiki suke ba, ko numfashi ya yi wuya.

Waɗannan alamu sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro da na kwalara, shi ya sa yake da muhimmanci a shaida wa ma'aikacin lafiya cewa marar lafiyan ya shiga koren ruwa ko ya sha shi. Gubar ba ta da makari. Abin da asibiti ke yi shi ne ƙarin ruwa da tallafa wa jiki har ya fitar da ita.

A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta tsayar da maikrogiram ɗaya a kowace lita a matsayin iyakar maikrosistin a ruwan da mutum zai riƙa sha tsawon rayuwarsa. Maikrogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. A 2020 hukumar ta ƙara da maikrogiram 12 ga ruwan sha na ɗan gajeren lokaci, da 24 ga ruwan wanka da iyo.

Yadda aka fitar da adadin na ƙarshe abin lura ne. An ƙiyasta shi ne a kan yaro mai nauyin kilo 15 da ya haɗiye rubu'in lita yana wasa a ruwa. Duk wanda ya taɓa kallon yara suna tsalle suna nutso a tafki da tsakar rana ya san rubu'in lita ba wani abu ba ne. Yaro ya fi babba haɗiyar ruwa, ya fi daɗewa a ciki, jikinsa kuma ya fi ƙanƙanta.

Akwai kuma illar da ke zuwa a hankali. Cibiyar binciken cutar daji ta hukumar ta sanya maikrosistin a sahun abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar daji. Masu ɗauke da ciwon hanta, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, su ya fi kamata su yi nesa da irin wannan ruwa.

Tafasawa, tacewa da alwala

A nan ne wannan matsala ta saɓa da abin da aka saba koyarwa. Shekara da shekaru ana faɗa wa jama'a su tafasa ruwa saboda kwalara, su tace shi da ƙyalle saboda kurkunu, kuma shawarwarin sun yi amfani, tun da a 2013 aka tabbatar da cewa Najeriya ta rabu da kurkunu.

Amma maikrosistin ba ta jin wuta. Tafasawa na fasa ƙwayoyin halittar ne su saki gubar da ke cikinsu, sannan yayin da ruwa ke ƙonewa gubar da ta rage na ƙara kauri. Ƙyalle na iya tare yauƙin, alam na iya kwantar da shi, amma babu wanda ke cire gubar da ta riga ta narke. Manyan matatun ruwa na amfani ne da wani gawayi da aka sarrafa musamman, tare da kulorin a bisa ma'auni.

Zuba magani a tafki don a kashe gansakukar ma na iya ƙara dagula lamarin. A 1979, a tsibirin Palm na Ostareliya, an kwantar da yara kusan 140 a asibiti bayan an zuba wani sinadari a madatsar ruwan garin, ƙwayoyin suka mutu suka saki gubarsu a lokaci guda.

Mafita mafi sauƙi ita ce rijiya ko rijiyar burtsatse. Inda babu, ruwan da aka tono a yashi, nesa kaɗan da bakin tafki, ya fi na cikin tafkin aminci, domin yashi na tace ƙwayoyin yana kuma rage gubar, ko da yake ba lalle ne ya kawar da ita gaba ɗaya ba.

Akwai kuma tambayar da manomi ko masunci zai yi idan lokacin salla ya riske shi a fadama. Littattafan fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai sun bayyana cewa ruwan da ya sauya launi saboda abin da ya tsiro daga cikinsa, kamar gansakuka, yana nan a kan tsarkinsa. Wannan hukunci ne da ya shafi tsarki, bai kuma ce ruwan ba ya cutarwa ba. Alwala ta ƙunshi kurkure baki da shaƙa ruwa, kuma binciken da aka yi a kan dabbobi ya nuna cewa gubar na shiga jiki sosai ta hanci. Littattafan dai sun halatta taimama ga wanda ke tsoron ruwa zai jawo masa cuta. Mafi sauƙi duka shi ne mutum ya tafi gona da butarsa.

Dabbobi da kifi

Sau da yawa dabbobi ne ke fara nuna cewa ruwa ya ɓaci. Saniya ɗaya na iya shan lita 40 ko fiye a ranar zafi, kuma daga bakin gaɓa take sha, ba ta ƙyamar yauƙin. Idan gubar ta yi yawa takan fara rawar jiki da dalalar da yawu, ta faɗi kusa da ruwan. Wadda ta tsira kan iya ramewa, fatarta ta riƙa saɓulewa a wuraren da ke da fari idan rana ta buga ta.

Makiyayin da ya tarar da dabbobi ko tsuntsaye a mace a gefen tafki ya kamata ya juya garkensa, ya kuma sanar da malamin dabbobi da mai gari. Dabbar da ta faɗi ta haka, ko an samu yanka ta, bai kamata a ci hantarta da kayan cikinta ba.

Kifi kuwa ta hanya biyu yake shan wahala. Da dare waɗannan halittu na shanye iskar da ke cikin ruwa, haka nan idan suka mutu suna ruɓewa, shi ya sa akan wayi gari a ga kifaye suna haki a sama ko sun mutu da yawa. Irin wannan kifi ba abin kwasa a kai kasuwa ba ne. Wanda aka kama da rai ma, musamman karfasa da ke cin gansakukar, gubar ta fi taruwa a hanjinsa da hantarsa, don haka a cire su a zubar, a wanke tsokar da ruwa mai tsabta. Banda ko suya ba su kashe gubar.

Yadda za a gane, da wanda zai hana

Ruwan da ya yi kama da miyar kuka, ko aka ga kamar an watsa koren fenti ko shuɗi a samansa, ko yake warin ruɓaɓɓiyar ciyawa, abin gudu ne.

Akwai gwaji biyu da kowa zai iya yi. Idan aka tsoma sanda aka ɗago ta da zare-zare masu tsawo, galibi gansakuka ce ta yau da kullum. Idan kuwa ta fito kamar an shafa mata fenti, to akwai alamar haɗari. Haka nan idan aka cika kwalba mai haske da ruwan aka ajiye a wuri mai sanyi ya kwana, koren da ya kwanta a ƙasa bai cika zama matsala ba, wanda ya taru a wuyan kwalbar shi ne abin zargi. Gwajin ba ya nuna yawan guba, wannan sai a ɗakin bincike.

A ƙasashen Turai hukuma ce ke kafa allon gargaɗi ta rufe bakin ruwa. Masarautar Argungu, wadda Augie ke ƙarƙashinta, tana da nata tsarin da ya girmi wannan. Sarkin Ruwa da sauran shugabannin masunta na da ikon rufe ruwa da buɗe shi, kuma al'adar fashin ruwa ta ginu ne a kan cewa ba a shiga kamun kifi sai an ba da izini. Da wannan iko ne ake kare Matan Fada har ranar gasar kamun kifi, wadda ta samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya ta a jerin al'adun duniya a 2016.

A ranar gasar dubban mutane ne ke faɗawa ruwa da homa da gora, ban da wasannin kabanci na ninƙaya da tseren kwalekwale, kuma ana yin ta ne a watan Fabrairu ko Maris, daidai lokacin da ruwa ke raguwa zafi na ƙaruwa. An taɓa dakatar da kamun kifin a 2006 saboda ƙarancin ruwa. Gwada ruwan kafin irin wannan taro ƙaramin aiki ne idan aka kwatanta da abin da ake kashewa a bikin, kuma jami'o'in da ke Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato ba su da nisa.

Ɓacewar koren ba ta nufin ruwan ya gyaru nan take, domin gubar kan saura kwanaki ko makonni bayan ƙwayoyin sun mutu. Hukumomin lafiya a ƙasashe da dama na ba da shawarar a jira mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya riga ya shiga kuma, ya yi wanka da ruwa mai tsabta da sabulu, ya wanke tufafinsa.

Ruwan da ya yi garau ma yana da nasa haɗarin. Tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini, ta daɗe a fadamun Kebbi da Sakkwato, kuma tsutsarta na fitowa ne daga dodon koɗin da ke zaune cikin ciyayin bakin tafki, ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. Ita dai tana da magani, wato firazikwantel, wanda ake raba wa yara 'yan makaranta kyauta a yankunan da cutar ta yi yawa.